Direban da Ya Koyi Riƙe Hannunsa

A tasha Fetur ake ce masa, don kalma ɗaya ta isa ta kunna shi. Shekara ashirin yana jan bas, kuma da wuya ka samu kwandastan da bai taɓa cin kwalarsa ba. Da likita ya ce jininsa ya hau, sai ƙaninsa ya ja shi wajen koyon kareti, a wani ɗaki saman shagon ɗinki.

Malamin ɗan siriri ne, ko kafaɗar Fetur bai kai ba. Wata uku bai bar shi ya naushi komai ba, sai tsayuwa da jan numfashi. Ranar da ya miƙa masa katako, da naushi ɗaya Fetur ya raba shi biyu. Malamin ya ce, "Haƙarƙarin mutum bai kai wannan ƙwari ba."

Wata safiya wani mai tasi ya karya wa Fetur madubin bas, kuma ya fito yana zagi. Fetur ya sauko, ya tsince madubin, ya ce, "Ɗan'uwa, matsar da motarka, mutane za su makara aiki."

Da matarsa ta ji labari ta ce, "Maigida, tsufa ne ko tsoro?"

Ya yi dariya. "Tsoro ne mana. Da can ban san ɓarnar da hannun nan zai iya yi ba. Miƙo min gam in ga ko madubin zai kamu."