Ranar da Kakata Ta Kasa Ƙetare Kogi

Kakata ta wajen uba ta yi tsawon rai, har ta goyi tattaɓa-kunnenta. A gidanmu na Gaya, ko tafiyar fatauci mutum zai yi, sai ya durƙusa gabanta ta yi masa addu'a. Sa'o'inta duk sun rasu, saura ƙanwarta da ke zaune a Malanville, garin da ke tsallaken kogi, wadda take ziyarta kowace sallah.

Shekarar da aka rufe gadar da ta haɗa garuruwan biyu ƙanwar ta rasu. Masu ƙarfi suka ƙetara zuwa jana'iza a kwalekwale, amma ƙafafun Kaka ba za su iya sauka gangaren ba. Ta ce da ni, "Ɗan nan, kai ni bakin kogi."

Na shimfiɗa mata tabarma inda ake hango tsallake. Ta yi ta jan carbi har la'asar, hawaye na zuba. Da na ce mu koma gida, sai ta ce, "Ni na goya ta tana jaririya. Na ɗauka ita za ta yi mini wankan ƙarshe."

Daga ranar ba ta sake fita ba. Kafin damina ta faɗi muka kai ta makwancinta.