Malam Tijjani mai gyara askin 'yan sintiri

Ina cikin wanke adaidaita sahuna da safen nan ƙanena Nazifi ya kira ni, wai Malam Tijjani mai aski ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na so in ce masa ƙarya yake, don a gidanmu ni ne mai irin wannan wasan banzan. Sai na ji yadda muryarsa take.

Ku yi haƙuri da rubutuna, ni ɗan allo ne, a waya na koyi bokon.

Wanda bai san Malam ba, shagonsa yana nan Fagge, kujera ɗaya, madubi ɗaya, da benci na 'yan zaman gulma irina.

A unguwarmu, idan 'yan sintiri suka kama yaro da ƙwaya ko kwalbar maganin tari, sai su sa almakashi su yi masa titi a tsakiyar kai su sake shi, don kowa ya gane shi. In Malam ya hango yaro ya ja hula har kunne ana tsala rana, sai ya kira shi: "Kai mai hula, zo in ga aikin injiniyoyi."

Ya zaunar da shi ya gyara masa, kyauta. Amma askin da zai yi wa wani nan da nan, na yaron sai ya ja shi, yana yi yana tambaya. Wa ya fara ba ka? Ka ci abinci? Mahaifiyarka ta sani? Yakan ce wanda ke ƙarƙashin aska ba ya gudu.

Abokin musunsa shi ne Oga Emeka mai kayan gyaran mota a Sabon Gari. Haihuwar Kano ne, ya fi ni karin magana. Duk Asabar yana zuwa aski, kuma an sha fasa masa shago.

Aikina shi ne haɗa su. In ce wa Oga, Malam ya ce da shi ne gwamna da ya buɗe gidan yari kowa ya tafi gida. In ce wa Malam, Oga ya ce har masu shan shayi mai kauri a kama. Duk sun san ƙarya nake, amma sai sun hau.

Oga ya ce, "Malam, kana gyara kai ta waje, cikin fa? Yaron da ya sha da safe, da yamma wayar wani zai ƙwace. A kulle su mu huta."

Malam ya ce, "A kulle shi da wa? Ya shiga da satar waya, ya fito ya san fasa shago. Shi mai shigo da ƙwayar kwali-kwali, ka taɓa ganin an yi masa titi a ka?"

"Wannan ba zai dawo min da kayana ba."

"Gaskiyarka. Sunkuya."

Haka muke ta dariya, har abin ya shigo gidanmu.

Ni na roƙi Oga ya ɗauki Nazifi ɗaukar kaya a shagonsa. Ashe ya fara shan ƙwaya ba mu sani ba. Ya saci batir ya sayar. Aka kama shi, aka yi masa titin, Oga ya ce ranar Litinin sai caji ofis. Inna ta daina cin abinci. Ni kuma bakina ya mutu murus.

Asabar Oga ya zo aski fuska a murtuke. Nazifi yana ƙarshen benci da hularsa. Malam ya kunna kilifa, ya kwashe wa Oga rabin kai tas. Sai ya kashe ya ajiye.

"Hannuna ya gaji. Nazifi zai ƙarasa."

Oga ya ce, "Ɓarawon nawa?"

"Ko ka shiga kasuwa a haka. Akwai hula in kana so, yaran nan sun bar min da yawa."

Ni da nake taƙama da tsokana, ranar na san ina da malamai.

Oga ya daɗe yana kallon kansa a madubi, sannan ya kalli Nazifi ta ciki. Yaro ya karɓi kilifa. Oga ya ce, "In ka yanke ni, laifi ya zama biyu."

Bai yanke shi ba.

Kafin Oga ya tashi ya ce ya fasa kai shi caji ofis, amma duk Asabar zai zo ya duba idonsa, ranar da ya ga ja magana ta tashi. Malam ya ce ya ji, yaro ya zauna a wurinsa ya koyi sana'a.

Ba zan ce daga nan shi ke nan ba. Nazifi ya koma wa ƙwayar sau ɗaya, bayan wata sallah, kuma Oga ya gani. Ya ce, "Malam, ka ga abin da nake faɗa?" Malam ya ce, "Na gani. Ina ka ajiye motar?" Oga ne da kansa ya kai su asibitin masu wannan lalura, yana tuƙi yana mita wai hanyar caji ofis ta fi kusa.

Juma'ar da ta wuce na tsaya a shagon. Malam yana kan benci da carbi, Nazifi yana aski, mutane na jiran layi. Na ce, "Malam, an yi maka juyin mulki ke nan."

Ya ce, "Wanda na roƙa ne. Kai kuma ƙwayarka bakinka ce, har yanzu ba a samo asibitinta ba."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan, yana dariya. Iyalinsa sun ce bayan sallar asuba ya jingina, shi ke nan. Alhamdulillahi, ƙarshe mai kyau.

A wurin jana'iza na ga samari da yawa da ban taɓa gani a sahu ba. Oga Emeka ya rufe shago ya zo, ya tsaya gefe har aka gama. Ya ce min, "Har yau ban yarda da maganarsa ba. To amma da wa zan yi musun?"

Nazifi yana gefe yana ta juya mukullin shago a hannu. Oga ya ce masa, "Bayan sadakar uku ka buɗe. Kada in zo in tarar da ƙofa a rufe."

Allah ya jiƙan Malam Tijjani, ya haskaka makwancinsa, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa 'ya'yan mutane. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu, ya kuma sa ƙanena a addu'a, Allah ya tsayar da ƙafarsa yanzu da babu Malam a kan benci.