A Tsaye ko a Kishingiɗe

Shekarar da na fara aikin sakatariya a wani ofis a Dogon Dutsi, kwamfuta ɗaya ce tak a ginin, kuma kullum tana lulluɓe da tsohon zane kamar mai zazzaɓi. Ba kowa ke taɓa ta ba. Wata dattijuwa da muke ce wa Madam ita ke riƙe da ita, mace mai kaifin baki da ta daɗe tana buga takardu da tafireta kafin a kawo wannan. Ni kuwa lokacin gani nake na san komai, tunda na fito lakkwal, wato makarantar boko, da takardata a hannu. A wurinta na koyi aiki da tabulo, shafin nan mai layuka a tsaye da a kwance, wanda ya kasu gurbi-gurbi kamar filin dara. Da faransanci selil ake ce wa kowane gurbi, amma Madam ɗaki take cewa. Har yau ni ma ɗaki nake cewa.

Ina kewar ofishin nan. Fankar sama ta fi ƙara a kan iska. In wuta ta ɗauke, sai mu ja kujeru gindin dogon yaro, mu ɓare gyaɗa, Madam ta bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya tana zayyana yadda kowa ke kashe faransanci a takardarsa. Ni ma ba ta ƙyale ni ba, ko sau ɗaya.

Danginmu suna wani ƙauye gaba da Matankari. Kowace shekara, in hatsi ya shiga rumbu, ana taron zumunci a gidan Baffa, wan mahaifinmu. A wurin taron akan ambaci waɗanda suka rasu ɗaya bayan ɗaya, a yi musu addu'a. Da ka Baffa ke kawo sunayen, har shekarar da ya manta da sunan ƙanwarsa, ƴaƴanta suka koma gida ko tuwo ba su ci ba. Da ya ji ina aiki da inji, sai ya ɗora mini rubuta dangi duka. Kowane gida da layinsa, uba da uwa da ƴaƴa a jere cikin ɗaki guda. Ya ce kada a goge wanda ya rasu, a dai yi masa alama yadda mai karantawa zai gane shi da kallo ɗaya.

Na zaɓi rubutun nan mai karkata, italik, ya zama alamar mamaci. Nan rigima ta fara. In na danna ɗaki na ce ya karkata, sai kowa a ciki ya karkata, rayayye da matacce. In na janye, duk su miƙe. Na yi ta yi har raina ya ɓaci, na buga tebur na ce injin nan ba ya da kai.

Madam ko ɗago ido ba ta yi ba. Ta ce, “Laihinki na, ba na inji ba. Kin tsaya bakin ƙohwa kina ba mutane oda. Shiga ɗakin.”

Ta matso ta nuna mini. A danna sau biyu da sauri, sai ɗan sandan nan mai ƙiftawa ya bayyana a cikin rubutun. Daga nan a ja a kan suna ɗaya kawai har ya yi duhu, sannan a ce ya karkata. Sauran ba abin da zai same su. Ta kuma ja mini kunne: in an yi haihuwa ina son ƙara suna, to in shiga ciki in ƙara. In na yi ganganci na rubuta daga waje, ɗakin zai share, in sake bugawa, matattu duk su tashi tsaye. Sai da hakan ta faru da ni sau biyu kafin na ji magana.

Sunan Baba na fara karkatarwa. Ɗakinmu mutum shida ne: Baba, Inna, yayana, ni, da ƙannena biyu. Da na kai wa Baffa takardun a kan moto, wato babur, ya riƙe su nesa da idonsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Waɗanga sun kishingiɗa ke nan.” Kalmar ta zauna. Tun daga ranar, in an yi rasuwa a dangi, sai a aiko mini cewa in kishingiɗar da wane.

Yayana ne matsalar. Tun ina lakkwal ya tafi cin rani, ya bi ta Agadas ya yi arewa. Da farko yakan kira ta wayar wani mai shago a Matankari, Inna ta hau amalanke ta je ta ji muryarsa. Daga baya shiru. Masu dawowa kowa da nasa labarin: wannan ya gan shi yana aikin gini, wancan ya ji an ce motarsu ta ɓata a hanya. Shekara tara muna haka, ni kuma tun da na fara rubutun, kowace shekara a tsaye nake buga sunansa.

Ana saura sati biyu taro, Baffa ya kira ni zaure. Ya ce, “Ɗiyata, in yaron ga ya riga mu, shekara nawa ke nan muna hana mai addu'a? Ana kiran kowa, shi ba a kira nai. Wanga ba gata na ba.”

Na so in yi masa tsiwa, amma maganarsa da gaskiya a ciki. Kuma in faɗi tawa gaskiyar, ni na daɗe da binne yayana a zuciyata. Na gaji da jira. Baffa ya ce shi zai yi wa Inna magana. Na koma ofis, na shiga ɗakinmu, na ja a kan suna na uku, na danna. Na gaya wa kaina ai Inna ba ta karatun boko, kafin ta gane Baffa ya riga ya lallashe ta. Tsoro ne kawai, na sani.

Ranar jajibirin taro na isa ƙauye da hantsi. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake. Kowace shekara takan ce in ba ta takardar ta ga ɗakinmu, ta san inda yake, layi na uku a shafin farko. Ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta ɗora yatsa tana bi a hankali, sai ta tsaya.

Ta ce, “Na hwarko babanku na. Na biyu ni ta. Wanga na ukku, wa yak kishingiɗe shi?”

Nan na gane Baffa bai yi maganar ba. Na ce, “Inna, Baffa ne ya ce, don a riƙa yi masa addu'a.”

“Kin ga gawa tai?”

“A'a.”

“Baffanki ya gani?”

Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta miƙo mini takardar ta ce, “Wa yac ce maku ba a yi mai addu'a? Kullum ina yi mai, irin ta matahiya. Koma ki tashe shi. Muddin ina tsaye, shi ma tsaye shike.”

Ko ruwa ban sha ba na sake hawa moto. Asabar ce, ofis a rufe, sai na wuce gidan Madam neman makulli. Ta dubi fuskata, ta dubi takardar da na ƙudundune a hannu. Matar da ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, ranar ba ta tambaye ni komai ba. Ta ɗauki mayafi ta biyo ni, ta yaye wa kwamfutar zane da kanta, ta tsaya a bayana har na miƙar da sunan, na sake buga shafin.

Washegari Baffa ya karɓi takardar, idonsa ya sauka a layi na uku, ya dube ni, ya kau da kai. Aka karanta waɗanda suka kishingiɗa, aka shafa. Kafin mutane su tashi sai ya ƙara da cewa, “Matahiyanmu kuma, Allah shi maido muna su gida.” Daga ɓangaren mata na ji amin ɗin Inna ya fi na kowa ƙarfi.

Yanzu Madam ta yi ritaya, Baffa ya rasu, ni kuma da ƙaramar kwamfutata nake aikin a gida. Bara, da damina, Inna ta bi Baba da Baffa. Da lokacin taro ya matso na buɗe tabulo, na shiga ɗakinmu, na kishingiɗar da sunanta kusa da na Baba. Sunan yayana na biye da shi, waƙafi ɗaya ne tsakaninsu. Sharaɗin da ta kafa ya cika, kuma babu sauran mai hana ni. Na ja a kansa har ya yi duhu, na daɗe yatsana na kan maɓalli.

Sai na duba sunan da ke binsa, na ga nawa ne. In na kwantar da shi, ni ce babba a ɗakin, babu kowa a gabana. Ni da na ce na gaji da jira, ashe ban shirya zama marar yaya ba. Na danna can gefe, duhun ya sake shi, na buga takardar yana tsaye.