Furen Jakaranda a Ɗankwalin Sewela

Sewela Mokgotho ba ta duba kalanda don ta san sanyi ya wuce, tsintsiyarta ce ke gaya mata. Shekara ashirin da biyu ke nan tana sharar titin da ke bayan jami'a a Pretoria, kuma duk Oktoba sai itatuwan jakaranda su yi ta zubar da furensu shunayya har ya rufe kwalta. Masu wucewa na ta ɗaukar hoto, ita kuwa ƙugunta ke shan wahala, don furen da aka tattaka mannewa yake kamar danƙo, sai an kankare.

Wata safiya ta tarar da wata ɗaliba tsaye ƙyam a inda za ta share, ta rungume littafi.

"Matsa, 'yata."

"Don Allah Mama, ki ɗan jira. An ce duk wanda fure ya faɗo wa a ka, zai ci jarrabawa."

Sewela ta jingine tsintsiya, ta kwance ɗankwali ta kakkaɓe. Fure ya zubo a kan takalman yarinyar.

"Shekara ashirin da biyu yana faɗo mini," in ji ta. "Je ki yi karatu."