Kalmar da Na Koyar a Karkace

Shekarar da aka samu mulkin kai aka ba ni aji a firamaren Tambuwal. Ina saurayi, ga farin wando, ga alƙalami a aljihu, ina ganin daga nan har Dogon Daji babu wanda ya kai ni Turanci.

Wata rana a darasin kiwon lafiya na ci karo da kalmar oksijinet, wai abin da huhu ke yi wa jini ke nan. Ban taɓa ganinta ba. Ƙamus yana ofishin hedimasta, girman kai ya hana ni zuwa aro. Na dubi farkonta na ga oks, sunan bijimi a Turanci, sai na ce wa yara tana nufin huhu na ba jini ƙarfin bijimi. Suka rubuta, suka haddace.

Da hutu na tafi Kebbe duba innata, ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Mai yi mata magani ɗan baffana ne, malamin asibitin garin. Ya girme ni, amma a elemantare ya tsaya, na kuwa sha yi wa Turancinsa dariya. Muna zaure yana yi wa dattawa bayanin ciwon, sai ya ambaci kalmar, ya ce huhunta ya gaza sa iska mai kyau cikin jini.

Na yi caraf na ce, "Yaya, ba haka take ba. Ƙarfin bijimi take nufi."

"Mi kac ce?"

Na maimaita, har da ɗaga murya. Dattawa suka gyaɗa kai, tunda malamin makaranta ne ya faɗa. Shi kuwa ya ce, "To, Malam," ya ci gaba da bayaninsa.

Bayan la'asar ya ja ni ɗakin magani. Ya kunna guntun kyandir, ya kife masa kwalba, muna kallo wutar ta lanƙwashe ta mutu. Ya ce a cikin iskar da muke shaƙa akwai wani sashe, oksijin, shi ke riƙe wuta, shi ke riƙe rai. Sa shi cikin abu, jini ko ruwa, ita ce ma'anar kalmar.

"Hakanga kak koya ma yara?"

Na sunkuyar da kai.

"Koma ka gyara, ƙanena."

Inna ta samu sauƙi, na koma Tambuwal. Mako biyu ina shiga aji ina kasa tayar da zancen. Ranar da na daure kuma, sai na ji kaina ina cewa an aiko da sababbin littattafai daga Kaduna, Turawa sun sake wa kalmar ma'ana. Yaran suka goge, suka rubuta daidai, ba wanda ya tambaye ni komai.

Yaya bai taɓa tayar da zancen a gaban kowa ba har Allah ya yi masa rasuwa. Dattawan zauren nan sun ci gaba da ɗauka ni ne na gyara masa, ni kuwa ban koma na faɗa musu gaskiya ba.