Ɗauko Yaya Daga Kilomita Biyar

Jimeta zuwa Garwa-Bulai

Ban jira kiran assalatu ba na ɗaure jakata. Inna na zaune bakin gadonta tana jan carbi, na durƙusa na ce mata zan kama hanya. Ba ta ambaci sunansa ba, don ɗan fari ne, tunda nake ban taɓa jin sunan Yaya Habu a bakinta ba. Cewa ta yi, "Rabi, ki zo min da shi. Ko a kwance ne, ki zo da shi."

Yaya ya fi shekara talatin a Bangui, yana sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Kilomita Biyar. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya tafi da hannu da ƙafar dama, ya haɗa da baki. Tun daga nan duk wanda ya kira wayarsa matarsa Mariyama ce ke ɗauka, haihuwar can, wadda ban taɓa gani ba sai a hoto. Kullum maganarta ɗaya: "Da sauƙi, yana gaishe ku." Mutumin da ba ya magana, da me yake gaishe mu? Da muka ce a kawo shi gida, sai ta ce shi ne ba ya so. Wa ya faɗa mata? Ga shago kuma ya koma hannun ƙaninta. Ni dai raina bai kwanta ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

Motar farko ta bar tasha gari bai waye ba, muka tsallaka iyaka da hantsi, na canja mota a Garwa. Wannan hanya ba baƙuwata ba ce, na yi shekaru ina saro turare a kanta, kuma Fulatancin da na tsinta a kasuwar Jimeta yana fitar da ni. Na kwana a Ngaundare wajen wata abokiyar cinikina, ta cika ni da shinkafa da miyar gyaɗa da nasiha. Ta ce in na shiga ƙasar can in rage baki, in buɗe ido. Na ce mata idon ai shi na ɗauko, bakin ne ban san inda zan ajiye shi ba.

A Garwa-Bulai manyan motocin kaya ba sa shiga ɗaiɗai, sai an tara su an haɗa su da rakiyar sojoji. Na samu gaban wata mai ɗauke da albasa da fulawa. Direban, Abakar, ɗan Kilomita Biyar ne, kakansa mutumin Damagaram, Hausarsa tana tafiya tana tuntuɓe da Sango, yaren garinsu. Da na ambaci Alhaji Habu mai atamfa, ya dafa ƙirji ya ce, "Allah ya ba shi lafiya."

Na ce, "Matarsa fa?"

Ya ɗaga gira, ya turo leɓe, ya ci gaba da goge gilashi. Na riƙe wannan a raina.

Beloko zuwa Bangui

Daga Beloko, garin farko bayan iyaka, Fulatanci ya ƙare, aka koma hannu. A shingen farko soja ya murza babban yatsa da manuni. Abakar ya buɗe tafi sama ya shafa ciki. Sojan ya kaɗa yatsa. Abakar ya miƙa masa hannun dama, na hagu yana tallafe da shi, suka gaisa, abin da ke cikin tafin ya canja gida. Sai sojan ya nuna ni da haɓa. Abakar ya haɗa manuninsa biyu ya goga su da juna, sojan ya yi dariya ya ɗaga sandar.

"Me ka ce masa a kaina?"

"Na ce ke yayata ce, Hajiya."

"Da yatsu?"

"Haka ake cewa."

Ban yarda ba. Da sayar da ni ya yi, haka zan zauna ina yi wa mai saye murmushi. Duk motar da muka haɗu da ita ma sai direbanta ya fito da hannu ta taga yana danna iska, Abakar ya mayar masa. Ya ce hanya lafiya ake nufi. Na ƙara ƙanƙame jakata.

Muka kwana a Buwar cikin wata rumfa kusa da masallaci. A nan na fara cin gozo, tuwon rogonsu, da miyar wani yankakken ganye. Tuwon yana riƙe yatsa kamar danƙo, amma yunwa ba ta bar ni na yi masa sharhi ba.

Washegari da yamma muka shiga Bangui. Ina saukowa wani ɗan acaba ya tsaya a gabana ya ware min yatsu biyar a fuska. Ni, da furfurata! Na ajiye jaka na mayar masa da hannu biyu, na ce goma ga ta gida. Abakar ya sauko yana riƙe ciki don dariya. "Hajiya, ba daƙuwa ba ce. Senk yake tambaya, wato biyar, ko Kilomita Biyar za ki." Na hau babur ɗin ina cika ina batsewa, mai shi kuwa sai waiwaye yake, da alama shi ma bai yarda da ni ba.

Kilomita Biyar

Gidan yana ta wajen unguwar Yakite, a bayan wasu rumbunan 'yan sari, bangonsa da ramuka an toshe da siminti. Na yi sallama. Yaya na zaune a kujera a baranda, hula a karkace, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba. Ya dube ni, bakinsa ya motsa, babu abin da ya fito sai iska. Ya miƙo min hagu. Mutumin da ya sha buge min hannu muna yara don na karɓi abu da hagu. Na riƙe hannun na yi kuka, kuka na gaske, ban ji kunyar kowa ba.

Mariyama ta fito tana goge hannu, doguwa, siririya. "Maraba da mijina," ta ce, irin wasan da ake yi da ƙanwar miji. Na amsa a daƙile. Ta kawo ruwa, ta kawo kifi da soyayyar ayaba, ta ba ni ɗakinta. Na ci, amma sai da na ga ta ci tukuna.

Kwanakin farko kallo na yi. Yaya ya taɓa leɓe, ta ce ruwa yake so. Ya ja kunne, ta kunna rediyo. Ya shafa fuska, ta kawo buta. To waɗannan ko ni na gane. Amma in ya jujjuya hannu yana wani dogon zance, sai ta ce, "Wai ki ƙara abinci." Duk wannan zancen a kan abinci? Ita ce bakinsa, ita ce kunnensa, abin da ta ga dama shi zai faɗa.

Na je shagon. Ƙaninta Idrisa ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo min lemo. Ina zaune wani mutum ya shigo, suka kama kafaɗar juna, suka haɗa goshi ta dama, ta hagu, ta dama. Na ce a raina, raɗa ce, kuma a kaina ake yi. Daga baya na ga duk mazan kasuwar haka suke gaisawa, amma wannan bai sa na janye zargina ba.

Ranar da na samu Yaya shi kaɗai, na matso na ce, "Yaya, in kai ka gida wajen Inna?" Ya gyaɗa kai. "Ana cutar ka a gidan nan?" Ya gyaɗa kai. Mariyama na shigowa na faɗa mata a fuskarta. Ba ta yi fushi ba. Ta tsuguna ta ce, "Alhaji, yau Juma'a?" Ya gyaɗa kai. "Yau Talata?" Ya gyaɗa kai.

"Kan ya lalace tare da bakin, Hajiya," ta ce. "Kar ki dubi kai. Dubi hannu, dubi ido."

A raina na ce mai wayo ce, ta san yadda za ta ɓata min shaida.

Sai na bi shawararta don in kama ta da ita. Na dubi idonsa. Kullum da la'asar yana juyawa ga wata kusurwa ta bayan bishiyar mangwaro, ya nuna ta da baki, ya dube ni, ya sake nunawa. Wurin a share yake tas, babu ko ganye, an jera duwatsu a gefe. Rannan na ɗauki ruwan wanki zan watsa can, Mariyama ta cafke wuyan hannuna har sai da na ji zafi.

"Ba nan ba."

"Don me?"

Ta saci kallon Yaya, ta ɗora yatsa a leɓe, ta karɓi bokitin. Shi ke nan, lissafina ya cika. Mutum lafiyayye ya faɗi rana ɗaya, baki ya rufe, dukiya ta koma hannun dangin mace, ga wani wuri a gida da ba a so a taɓa. Kowace 'yar Jimeta ta san amsar: an binne masa abu. Kuma bawan Allah yana ta nuna min, ni ce ban gane ba.

Na jira safiyar da ta tafi cefane. Na ari fartanya a maƙwabta da sunan zan gyara kwata. Na ɗaure zani, na ce, "Yaya, yau zan tone abin da aka binne maka." Ya gyaɗa kai. Na yi bismilla na kai sara.

Wani sauti na ji a bayana wanda ban taɓa jin irinsa daga bakin mutum ba. Na waiwaya. Yaya ya jefo kansa daga kujera, yana jan jiki a ƙasa da gwiwar hannun hagu, ɓarin dama na binsa. Na yar da fartanya na ruga, ya ture ni. Haka ya ja jiki har wurin, ya kife a kan inda na sara, ya shimfiɗa hannu ya rufe.

Da numfashinsa ya dawo, ya jingina da mangwaron. Ya lanƙwasa hannu a ƙirji yana jijjigawa, yadda ake rarrashin jariri. Ya sauke tafin kusa da ƙasa, ya riƙa ɗaga shi a hankali, a hankali, har iya inda hannun ya kai. Sannan ya ɗora yatsu a kan idonsa ya ja su ƙasa. Babu mai fassara a wurin, kuma ban nemi ko ɗaya ba. Na zauna daɓas. Na ce, "Nasiru?" Bai gyaɗa kai ba. Hawaye ne suka zubo.

Nasiru ɗansu ne, shi kaɗai Allah ya ba su namiji. Ya rasu shekarun da gari ya rikice. A waya aka ce mana an yi masa sutura, muka yi addu'a, babu wanda ya tambayi a ina.

A haka Mariyama ta same mu. Ta dubi fartanya, ta dubi ramin, ta ajiye kwando. Na so ta zage ni, ba ta yi ba. Ta tsuguna tana mayar da ƙasar da hannunta tana daddannawa.

"Lokacin ba a fita unguwar," ta ce, ba ta ɗago ba. "Hanyar maƙabarta a rufe. Wanda ya fita da gawa, gawa biyu ake samu. Alhaji da Idrisa suka haƙa nan. Na ɗauka kun sani. In an ambata a gabansa jikinsa rikicewa yake, shi ya sa na ce ki yi shiru."

Na rasa inda zan sa fuskata. Amma saƙon Inna yana wuyana, dole in isar. Na kama hannunsa na ce, "Yaya, Inna ta ce in zo da kai, ko a kwance." Ya daɗe yana kallona. Ya ɗaga hannu ya nuna arewa, ya dunƙule shi ya jinjina, ya kawo shi kan zuciyarsa. Sannan ya daddaɓa ƙasar da ke gefen kabarin, inda babu kowa tukuna, ya dafa ƙirjinsa, ya kwantar da kumatunsa a kan tafin.

Ban ƙara tambaya ba. Ni da Mariyama muka ɗaga shi, ita ta dama ni ta hagu, muka mayar da shi kujera.

Komawa

Na ƙara mako guda ina taya ta juya shi da wanke masa jiki, na ga aikin da take yi ita kaɗai tun bara. Zancen shago ban bincika ba, har yau ban san gaskiyarsa ba, kuma ban ce na daina tunaninsa ba. Idrisa ya samo min mota mai komawa Garwa-Bulai babu kaya, ta yi ta jijjiga mu har ƙashina ya yi tsami. Daga can na bi hanyar da na sani, na iso Jimeta ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Abakar da mai masaukina ta Ngaundare, na gode wa Mariyama da ta raka ni har bakin mota bayan abin da na yi mata.

Inna na kan tabarma a tsakar gida. Idonta ya daina gani sosai, sai kunne. Ta saurari takuna, ta ji na mutum ɗaya ne.

"Me ya ce?"

Na buɗe baki, na ga ba zan iya da baki ba. Na zauna kusa da ita, na gaya mata inda Nasiru yake kwance. Sannan na kama hannunta, na dunƙule shi na jinjina mata, na ce wannan naki ne. Na kai shi ƙasa na daddaɓa, na kai ƙirjinta, na ɗora kumatunta a kan tafin. Ta bar shi a nan, ba ta motsa ba, har aka idar da salla a masallacin unguwa.

"Akwai inuwa a wurin?"

"Akwai, Inna. Mangwaro ne babba."

"To," ta ce. "A bar shi." Ta lalubo butarta.