Motar Yaya Ta Mutu a Bakin Shanyar Shinkafa

Muna tafe tsakanin Kura da Bunkure a jar motar Yayana, mai ƙofa biyun nan da cikinta ke kusan shafar ƙasa, sai fitilun gaban direba suka kama gaba ɗaya, suka ɗauke. Inji ya yi tsit, sitiyari ya ƙage. Ga kanal cike da ruwa a gefenmu. Ni dai salati kawai nake.

Haka motar ta gangara a hankali kamar a mafarki, ta tsaya daf da shinkafar da wata tsohuwa ta turara ta shanya a bakin titi.

Balbelu na ta shawagi fari fat a kan gonaki, hadari ya haɗo daga gabas.

Yaya ya fito yana kiran bakanike a waya. Tsohuwar ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, motarka ba ta tsoron ruwa, shinkafata ke tsoro. Kama min buhu."

Yaya, mutumin da ya daɗe a Abuja, ya tuɓe takalmi ya shiga shanya. Yana cikin tarawa sai ya ɗebo a hannu ya kai hanci.

"Ƙamshin tsakar gidanmu," ya ce da ni, "lokacin Inna na da rai."

Tun rasuwarta ban ji ya ambace ta ba sai ranar.

Da bakanike ya iso, ya ce waya ce ta saki a jikin batir. Ni kuwa har yau gani nake tsayar da mu aka yi.

Ku fa, wane ƙamshi ne ke mayar da ku gida?